Kolonto, Baladi da kazar Fulani: abin da awon jiki ke faɗa game da kajin gida

Daga kasuwar Gaya a Nijar har zuwa ta Marwa a Kamaru, hannun mai sayen kaza shi ne ma'auninsa. Zai haɗa ƙafafunta biyu ya ɗaga, ya jinjina, ya kai yatsa ya shafa ƙashin ƙirji, sannan ya taya. Masu binciken dabbobi a jami'o'i da cibiyoyin noma na yankin su ma kusan abin da suke yi ke nan, sai dai su da sikeli suke zuwa, da tef ɗin awo irin na tela, da littafin rubutu. A cikin shekaru ashirin da suka gabata an auna kajin gida masu yawa a Najeriya da Nijar da Benin da Ghana da Kamaru da Cadi da Sudan, duk don amsa tambaya guda: kazar da Hausawa ke kira ta gida, masu Faransanci kuma suke wa laƙabi da «poulet bicyclette», iri ɗaya ce ko'ina, ko kuwa iri-iri ce da aka tattara ƙarƙashin suna ɗaya?

Tambayar ba ta ɗakin karatu kaɗai ba ce. A mafi yawan ƙauyukan yankin kaza ita ce asusun mace. Ita ake ɗauka a kai kasuwa idan yaro ya kwanta ciwo, ita ake yankawa idan baƙo ya sauka. Yanzu kuma ga ƙyanƙyasar zamani da manyan kaji na haɗin iri suna shiga har lungun ƙauye, ana tallata su da cewa sun ninka ta gida girma. Wanda bai san abin da ke hannunsa ba yana iya rabuwa da iri mai kyau don ya sayi wanda ba zai kai damina ba.

Abin da ake aunawa

A 2007 ƙasashen duniya suka haɗu a Interlaken ta Suwizalan suka amince da wani shiri na kare irin dabbobin gida daga ɓacewa. Bayan haka, a 2012, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jagora kan yadda za a siffanta kowane iri. Game da kaza, awon da aka fi dogara da shi bai wuce biyar ba: nauyi, tsawon jiki, kewayen ƙirji, tsawon ƙwauri, da faɗin fukafukai idan an ware su. Wasu kan ƙara tsawon ƙashin ƙirji da na cinya da na baki da girman zanko. Ana kuma rubuta abin da ido ke gani, kamar launin gashi da na ƙafa, da ko kazar tana da tukku.

Kowane awo da abin da yake nunawa. Nauyi shi ne wanda kowa ya damu da shi, amma shi ne kuma mafi saurin canzawa. Kazar da ta kwana ashirin da ɗaya tana kwanci a kan ƙwai ba za ta yi nauyin da take da shi kafin ta fara ba, kuma kazar kaka, lokacin da ake sussuka tsaba ta zube ko'ina, ba ɗaya take da kazar bazara ba. Ko a yini guda ma, wadda ta cika jakar wuyanta da gero da yamma ta fi nauyin da za ta yi da asuba. Shi ya sa ake auna kaji da sassafe, kafin a buɗe akurki.

Ƙwauri kuwa, wato sashen ƙafa mai ɓawo-ɓawo daga gwiwa zuwa inda yatsu suka rabu, ƙashi ne. Yana gama tsawonsa tun kaza tana ƴar watanni, kuma yunwar mako biyu ba ta rage shi. Saboda haka shi ne ya fi nuna ainihin ginin jikin da kaza ta gada. A kajin gida na yankin yakan faɗa tsakanin santimita 6 zuwa 10, na zakara ya fi na kaza. Kewayen ƙirji, wanda ake zagayawa da tef ta ƙarƙashin fukafukai a inda ƙirjin ya fi cika, shi ke nuna tsoka. A bincike da dama an samu cewa yana cikin awon da suka fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi, har masu binciken kan fitar da lissafin da za a iya ƙiyasta nauyin kaza da shi a inda babu sikeli. Amfanin wannan ga ƙauye a bayyane yake, domin gidan da babu sikeli ba a rasa tela a unguwarsu. Sai dai lissafin da aka fitar daga kajin wani gari ba lalle ya dace da na wani ba, kuma na zakaru dabam ne da na kaji mata.

Manya da ƙanana

A Najeriya aka fi yin irin wannan awo, kuma masana a can sun daɗe da raba kajin gida gida biyu. Akwai masu nauyi, waɗanda aka fi samu a yankin ciyayi na arewa da rugagen Fulani, da nauyinsu idan sun girma yake kamawa daga gram 900 zuwa kilo 2.5. Akwai marasa nauyi na yankin kurmi da fadamun kudu, daga kimanin gram 700 zuwa kilo 1.5. A rubuce-rubucen jami'o'i ana yawan kiran na farko kazar Fulani, na biyu kazar Yarabawa. Kazar Fulani ta fi tsayin ƙafa da tsawon jiki da faɗin ƙirji. Wani bayani da ake bayarwa shi ne cewa ruga tana nesa da gari, kajinta ba su cika cakuɗuwa da wasu ba, ga kuma ƙwari da tsutsa a kashin shanu da ragowar tsaba da suke samu.

Duk wanda ya lura da waɗannan alƙaluma zai ga sun shiga juna sosai. Kaza mai kilo 1.2 tana iya zama ƙaramar kazar Fulani, tana iya zama babbar kazar kudu. Wannan ita ce matsalar da ke bin duk wani kwatance na kajin gida: bambancin da ke tsakanin kaji biyu na gida ɗaya sau da yawa ya kai, ko ya fi, bambancin da ke tsakanin matsakaicin wannan yanki da na wancan.

A Nijar sunan da ya fi fitowa shi ne Kolonto, babbar kaza mai dogayen ƙafafu da aka sani da yankin Gaya, kan iyaka da Benin da Najeriya, wadda masu bincike na ƙasar suka yi wa awo na musamman saboda yadda ta bambanta da sauran. Burkina Faso tana da tata babbar, Konde. A Benin ana maganar kajin arewa da na kudu, a Ghana kuma na kurmi da na yankin ciyayi. Hausawan Sudan, irin na Mai Wurno a bakin Shuɗin Nil, sun fi sanin Baladi babba, wadda ita ce ta fi yawa a ƙasar. Ban da ita Sudan tana da mai wuya ba gashi, da kuma Betwil, ƴar ƙarama mai dunƙulallen jiki ta duwatsun Nuba.

Akwai wata da ya kamata a ware, domin ana yawan sa ta cikin jerin kajin gida a tallace-tallacen Facebook da WhatsApp: Goliath ta Benin. Ƙatuwa ce ƙwarai, kuma ta bazu zuwa ƙasashe maƙwabta, amma ta hanyar haɗa iri aka samo ta. Haka Wassache ta Mali, wadda kashi uku cikin huɗu na jininta na Rhode Island Red ta Amurka ne. Haka FUNAAB Alpha, wadda Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta jagoranci samarwa a jami'ar aikin gona ta Abeokuta aka kuma yi mata rajista a 2018, da Noiler ta wani kamfani mai zaman kansa a Najeriya. Duk suna da amfaninsu. Amma a ɗora ɗayansu a sikeli kusa da kazar da ke kwana a kan reshen darbejiya, a ce ga wadda ta yi nasara, ba kwatance ba ne.

Mai wuya ba gashi, fingi da durgu

Wasu bambance-bambancen ba na yanki ba ne. Ƙwayar gado guda ce ke haifar da su, kuma ana iya samunsu a kowane garke daga Tawa har Garwa.

Na farko ita ce kaza mai wuya ba gashi, wadda masu Faransanci ke kira «cou nu». Mutane da yawa suna ɗauka ciwo ne ya cinye mata gashi, ko kuma jininta ya haɗu da na talotalo. Ko ɗaya ba haka ba ne. A 2011 masana a cibiyar Roslin ta Sikotilan suka bayyana canjin gadon da ke hana gashi tsirowa a wuyanta. Kazar da ta gaji ƙwayar daga uwa ko uba kaɗai takan rasa kimanin kashi 20 cikin ɗari na gashin jikinta, kuma sau da yawa ana ganin ɗan tsiron gashi a gaban wuyanta. Wadda ta gada daga ɓangarorin biyu takan rasa kusan kashi 40.

Muhimmancin wannan yana ga yadda jikin kaza ke fitar da zafi. Zafin jikinta yana kusan digiri 41, kuma ba ta yin gumi. Idan rana ta take sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, zafin ya fita ta zanko da ƙafafu da duk inda fata take a buɗe. Kazar da zafi ya dama takan rage ci, wadda ta rage ci kuwa ba ta girma, ba ta ƙwai. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Yamai da Injamena da Marwa, buɗaɗɗen wuya taga ce. Gwaje-gwajen da aka yi a wurare masu zafi sun nuna masu wuya ba gashi sun fi ƴan uwansu masu cikakken gashi riƙe nauyi da tsokar ƙirji. A wuri mai sanyi fifikon yakan ɓace, kuma ƴan tsakinta sun fi jin jiki da sanyin hunturu. Wannan ne ya sa ake samun rahoton da ya ce ta fi nauyi, a samu wani da ya ce babu bambanci. Kafin a yanke hukunci sai a duba wata da garin da aka yi awon.

Fingi, mai gashin da ya murɗe ya juyo sama, ita ma ƙwayar gado guda ce, kuma ita ma iska tana ratsa jikinta fiye da sauran. Sai dai ruwan sama yana jiƙa ta har fata, kuma ba ta iya tashi sosai, abin da ke da haɗari a garin da shirwa ke shawagi. Ga mai awo, fingi tana da wata matsala: tef ɗin da aka zagaya a kan gashin da ya miƙe zai ba da lambar da ta fi gaskiya, sai an kwantar da gashin an matse. A ido ma haka ne. Mai wuya ba gashi takan yi kama da ramammiya alhali ta fi nauyi, mai gashi buzu-buzu ta cika ido alhali ƙashi ne a ciki.

Abin mamaki shi ne, duk da amfaninsu a ƙasa mai zafi, binciken da aka yi a ƙasashen yankin yakan samu waɗannan biyun ƴan kaɗan ne a garke. Dalilin yana wajen mutane. Wasu suna ƙyamar ganin wuya tsirara, ba sa ba baƙo irinta, don haka ba sa barinta ta hayayyafa. Fingi kuma a wurare da dama masu magani da masu tsubbu ne ke nemanta, sai a sayar da ita da wuri saboda tana kuɗi.

Durgu, mai gajerun ƙafafu, ita ce ta fi sauƙin ganewa da tef. Gajarta tana iya zuwa ta hanya fiye da ɗaya. Akwai ƙwayar da ke rage girman jiki gaba ɗaya da kusan kashi ɗaya cikin uku, kaza ta fito ƙarama, cinta kaɗan. Akwai kuma wadda ke gajarta ƙafa kawai, kuma wannan tana da illa: ɗan tsakon da ya gaje ta daga uwa da uba duka yana mutuwa tun cikin ƙwai. Idan zakara da kaza duka suna ɗauke da ita, kusan ƙwai ɗaya cikin huɗu ba zai ƙyanƙyashe ba, wato uku cikin goma sha biyu. Mai kiwon da ke ganin durgunta tana yawan barin ƙwai, kuma zakaran gidan shi ma durgu ne, ta gwada canza zakara kafin ta ɗora wa kazar laifi.

Inda lambobi ke ruɗi

Mai karanta rahotannin nan, ko da Faransanci ko da Ingilishi, zai iya cin karo da wanda ya ce tsawon jikin kazar wani yanki ya kai santimita 40, wani kuma ya ce ta maƙwabcin yankin ba ta wuce 20 ba. Ba wai ɗaya ta ninka ɗaya ba ne. Na farko ya auna daga tsinin baki zuwa gindin wutsiya, na biyu daga gindin wuya ya fara. Haka fiffike: wani faɗin biyun yake bayarwa, wani tsawon ɗaya. Sannan ga shekaru. A ƙauye ba a rubuta ranar ƙyanƙyasa, sai dai a tambayi mai kaza, ita kuma ta ce tun kafin azumi. Idan aka haɗa sagara da tsohuwar kaza a lissafi ɗaya, ko aka auna zakaru da yawa a wani gari kaɗan a wani, sakamakon zai karkace, tunda zakara yakan fi kaza nauyi da kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye.

Babbar matsalar ita ce raba gado da abinci. Idan kajin garin da ake noman masara da shinkafa suka fi na garin da ke fama da fari nauyi, jini ne ko tsaba? Awon ƙauye ba zai iya amsawa ba. Hanyar da ake bi ita ce a tattaro ƙwai daga wuraren biyu, a ƙyanƙyashe su rana ɗaya, a rene su a rumfa ɗaya da abinci ɗaya, a riƙa aunawa duk mako. Bambancin da ya rage bayan haka shi ne na gado. Akwai kuma gwajin jini. Wani da aka buga a 2007 kan kajin gida na yankuna biyar na Zimbabuwe, masu yanayi dabam-dabam, ya samu cewa a gado ba su rarrabu ba, kusan garke ɗaya ne babba. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda kaza ke tafiya a bayan babur da saman mota, daga kasuwa zuwa kasuwa, da cikin kayan amarya. Iyakar Gaya da Malanbil ko ta Kusiri da Injamena ba ta taɓa tsayar da zakara ba. Don haka yawancin sunayen nan sun fi kusa da a ce kajin wuri kaza, ba iri tsayayye ba kamar yadda ake cewa saniyar Azawak ko jar akuyar Maraɗi.

Girma da kuɗinsa

Ko da an tabbatar wani iri ya fi girma, saura tambayar wa zai ciyar da shi. Kaza mai kilo 2 tana buƙatar abincin da ya fi na mai kilo 1 da kusan kashi 70 cikin ɗari don kawai ta rayu, kafin a zo maganar ƙwai ko ƙiba. Abin da tsakar gida da juji da bayan gari ke iya bayarwa kuwa yana da iyaka. Ƙaramin jikin kazar gida wani ɓangare ne na yadda ta dace da wurinta: tana yin ƙwai 30 zuwa 60 a shekara, a zubi uku ko huɗu, ta kwanta a kansu da kanta, ta yi renon ƴaƴanta, ba tare da an sayi buhun abinci ko injin ƙyanƙyasa ba. Kazar gidan gona mai ƙwai kusan 300 a shekara ba ta yin kwanci, mai nama kuma da ke haura kilo 2 cikin mako shida ba za ta iya tsere wa kare ba.

An taɓa gwada gajeriyar hanya. Shekaru da dama da suka wuce, a ƙasashen yankin masu Faransanci da ma Najeriya, an yi shirye-shiryen raba zakarun Turai a ƙauyuka, irin su Rhode Island Red, a karɓe na gida. Ƴaƴan farko sukan fito manya. Amma zakarun da yawa ba su jure ba, na gida da suka rage a maƙwabta suka ci gaba da aikinsu, kuma cutar Niyukasil, wadda ke share akurki a lokacin hunturu, ba ta tambayar nauyin kaza. Inda ba a yi rigakafi ba, babba da ƙarama tare suke tafiya.

Akwai kuma wata asara da ke faruwa a hankali ba tare da kowa ya shirya ta ba. Idan salla ta ƙarato, ko buƙatar kuɗi ta taso, zakaran da ya fi girma shi ake kamawa, domin shi ne zai yi tsada. Wanda ya rage a gida yana bin kaji shi ne wanda dillali ya raina. Shekara bayan shekara, garken yana gadon ƙaramin. A nan ne tef ɗin tela zai yi wa mai kiwo aikin da ya fi na rahoton jami'a. A cikin ƴan tsakin da aka ƙyanƙyashe a mako ɗaya, suka ci abinci ɗaya, a auna ƙirji da ƙwauri na zakarun idan sun kai wata biyar ko shida, da safe, mutum ɗaya ya yi awon duka. Wanda ya fi, a ɗaura masa zare a ƙafa don kowa a gidan ya san ba na sayarwa ba ne. A ɓangaren mata kuma awo kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da yawan ƴan tsakin da kowace ta raya har suka girma. Bayan shekara ɗaya ko biyu a yi musayar zakaran da na wani gari, don kada ya riƙa bin ƴaƴansa.